Audi da Makkar da Ya Kawo Cikin Akwatin Shayi

A Hillat Gambo, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakin auduga a kudu da garin Wad Madani na ƙasar Sudan, babu wanda ya taɓa yarda cewa zaune yake. Kowa matafiyi ne. Ka samu tsohon da haƙoransa suka zube a garin, ya binne iyayensa a garin, ya aurar da jikokinsa a garin, ka tambaye shi, zai ce maka, "Mu ai bisa hanya muke. Makka muka nufa, ɗan zango ne muka yada." Zangon nan kuwa ya girmi yawancin mutanen da ke cikinsa. Shi ya sa ba a gina ɗakin ƙasa a Hillat Gambo, sai bukkar kara. Mutumin da zai tashi gobe me zai yi da katanga? Bukka ta ruɓe a sake wata, ita ma ta ruɓe a sake wata, duk a cikin shirin tashin goben.

A wannan gari aka haifi Audi. Ubansa Salihu da uwarsa Talatu sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa tun suna da sabon aure, suka tsaya a wannan yanki na Jazira su tsinci audugar kaka ɗaya don su ƙara guzuri. Kakar ɗayan nan ce Salihu ya tsufa a cikinta. Ranar da zai cika ya kama hannun Audi, lokacin gemu ya fara tsiro masa, ya ce, "Ka kai uwarka." Audi ya ce to. Mutum yana kwance yana numfashi ɗai-ɗai, me za ka ce masa in ba to ba?

Audi tun yana ƙarami bai yi jituwa da gona ba. Rana ba ta son shi, shi ma bai ɓoye mata nasa ra'ayin ba. Sai ya maƙale wa wani mai gyaran ratina a kasuwar Madani, fitilar nan ta kalanzir da ake bugawa iska ta yi haske kamar wata ya sauko, har ya iya aikin. Daga ratina ya wuce risho, ya wuce keke, ya wuce kwaɗo da makulli. Ya dawo Hilla ya kafa rumfa a bakin hanyar lori, ya sayi kekensa, ya auri Asabe, mace mai hannun kisra, wato siririyar gurasar dawa ta ƙasar, da faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba. Kullum da la'asar za ka gan shi a inuwa yana kurɓar shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon masu tsintar auduga suna dawowa da ƙura har a gira. A duk garin matafiyan nan shi kaɗai ne ya san ya iso inda za shi.

Sai ya yi abin da ya tona masa asiri, ya gina ɗakin ƙasa mai kusurwa huɗu. Limamin gari, Malam Jibirin, ya zo da kansa ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa.

"Audi, wannan masallaci ne ko kabari? Don su kaɗai na sani matafiyi ke ginawa."

"Rumbu ne, Allah gafarta Malam. Kayan aiki zan riƙa ajiyewa."

"Rumbu da taga?"

"Don iska, Malam. Ƙarfe na tsatsa."

"Shi kuma gadon da na hango ciki, guduma ce za ta riƙa kwana a kai?"

Audi ya sosa ƙeya, Malam ya tafi yana salati. Amma ba liman ne damuwar Audi ba. Damuwarsa Inna Talatu ce. Duk shekara, da an gama tsintar auduga, sai ta kira shi bakin bukkarta, da Sakkwatancinta da shekaru arba'in na Jazira ba su taɓa ba.

"Audi, bana hwa?"

Audi kuwa Allah ya hore masa dalilai. Wata shekara teku ce ba ta da lafiya. Wata shekara an ce ana annoba a Jidda. Wata shekara Asabe na da ciki, wata shekarar kuma Asabe ta haihu. Har akwai shekarar da ya ce ya ji an ɗaga aikin Hajjin gaba ɗaya, Inna ta jefe shi da ludayi.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin sai yanar ido ta fara rufe idon Inna. Allura ta gagare ta sa zare, ta fara gaida akuyar maƙwabta da sunan tata. Daga nan tambayar ta sauya murya.

"Audi, idona na tahiya. In ba ka kai ni na ga Ɗakin Allah da sauran ganin da yar rage min ba, wallahi lori nika hawa ni ɗai, in mutu bisa hanya, a ce uwar mai ɗakin ƙasa ta."

Magana ta fita gari. Mata a bakin tur'a, maza a ƙofar masallaci, duk suka haɗu a kan cewa Audi ɗa ne marar biyayya. Mutanen da ko garin Sinnar da ke nan kusa ba su taɓa wucewa ba su ne suka fi kowa sanin yadda ake kai uwa Makka. Audi ya rame. In ya tafi, rumfa da keke da ɗaki duk sun tafi, don babu abin da zai ɗauki nauyin tafiyar sai su. In ya zauna, ga bakin uwa ga bakin gari.

Ana cikin haka motar majigi ta gwamnati ta zo, irin wadda ke yawo ƙauyuka tana koya wa mutane wanke hannu da kashe ƙwarin gona. Aka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, aka nuna tsutsar auduga ta kai girman jaki tana cin ganye. Mata suka yi ta neman tsari. Kowa idonsa na kan tsutsa, Audi kuwa ya juya mata baya, yana tsugune gefen injin yana leƙe. Ya ga fitila, ya ga madubi a bayanta, ya ga gilashi mai tudu a gaba, ya ga wani siririn zare mai faɗi cike da ƙananan hotuna yana wucewa tsakani. Ya ce a ransa, ashe abin ke nan, ratina ce da ta yi karatu. Kafin tsutsa ta gama cin ganyenta dabara ta gama dahuwa a kansa. Inna gani take so. To in za a iya kawo tsutsa har Hillat Gambo cikin akwati, Makka ma sai a kawo ta, tsohuwa ta kalla ta ƙoshi, kowa ya kwana a gadonsa.

Ya samo akwatin katako na ganyen shayi a wurin mai kanti. Ya huda shi ta gaba, ya huda ta sama don hayaƙi, ya zaunar da mafi kyawun ratinarsa a ciki. Madubin auren Asabe ya ɓace daga bango, ta neme shi har ƙarƙashin gado, daga baya ta same shi a bayan fitila yana aikin gwamnati. Gilashi mai tudu ne ya gagara, don a Madani an ce sai an aika Hartum. Sai ya tsinto mataccen ƙwan lantarki a bolar wani shago, ya fasa gindinsa a hankali, ya zare hanjin, ya cika shi da ruwa. Ruwan tur'a bai yi ba, hasken ya fito kalar kunu. Sai ya tara ɗigon da ke tsatsowa daga gindin randa, wanda ya fi kowane ruwa a garin haske, ya zuba, ya toshe da toton kara. Ya ɗaura feda da sarƙar wani tsohon keke a gefen akwatin, ya yanka marfin gwangwani ya mai da shi fiffike mai katse haske, kamar yadda ya leƙo a injin gwamnati. Mai keken, wanda gyara ya kawo shi, ya yi ta zarya ana ce masa ana jiran kaya daga Madani.

Saura hotuna. Audi yana da aboki, Zakariya, mai share wani gidan silima a Madani. Duk inda fim ya tsinke sai a datse guntu a yar, Zakariya ya share. Ya cika wa Audi aljihu da irin waɗannan guntaye.

Gwajin farko, guntun ya kusanci fitila, ya yi fuu, ya tafi da girar Audi ta hagu. Ya sa kwalbar ruwa tsakanin wuta da fim don ta shanye zafi. Gwaji na biyu, a cikin rumbun nan mai taga, an toshe tagar da bargo, sai ga wani mutum da kwat da wando ya fito a bango, kai a ƙasa ƙafa a sama, yana ta gaisawa da wani da shi ma ke rataye kamar jemage. Asabe ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Maigida, su waɗannan laifin me suka yi?"

"Ke dai fita, kina shigo min da haske."

"Madubina ne fa ya juya su. Ni bai taɓa yi min haka ba."

Sai da ya kwana biyu yana zargin madubin kafin ya gane cewa fim ɗin ne za a sa a kife. Ya kifa, mutumin ya miƙe tsaye, ya ci gaba da gaisuwarsa da mutunci. Hoton bai fi faifai girma ba, ga rawa kamar mai zazzaɓi, amma yana motsi.

Bayan ƙaramar Salla, tsintar auduga na tsakiyarta, Zakariya ya aiko masa da abin da ya daɗe yana naci a kai: guntun labaran da ake nunawa kafin fim, na aikin Hajjin wata shekara, tsawonsa bai kai rawanin liman ba. Audi ya shafe bangon ɗakinsa na waje da farar ƙasa, don a duk garin, in ka cire masallaci, babu wani miƙaƙƙen bango sai shi. Ya ce wa Asabe abin na Inna ne ita kaɗai, kada kowa ya ji. Asabe ta riƙe amana, mace ɗaya tak ta gaya wa.

Ana idar da magariba tsakar gidan ya cika har ana hawa danga. Tsofaffi sun zo da alwalarsu, aka tara takalma a ƙofar gida kamar ranar Juma'a. Malam Jibirin ya zo don ya hana bidi'a, ya nemi wuri a sahun gaba don ya hana ta da kyau. Aka zaunar da Inna dab da bango, ta yafa farin mayafinta.

Audi ya buga wa ratina iska, ya rufe akwati, ya kama feda da hannu ya juya.

Sai ga Ɗakin a bangon Audi, baƙi, tsaye, da dubban mutane cikin fararen kaya suna kewaya shi kamar ruwa. Ɗan ƙarami ne, gefensa ya dushe, yana rawa. Amma tsakar gidan nan ya yi tsit, ko tari babu. Mutanen da kakanninsu suka baro gida saboda wannan wuri, suka haifi 'ya'ya da sunansa a baki, yau ne suka fara ganin kamanninsa. Kafin a ja numfashi biyu guntun ya ƙare.

"Maido," in ji Inna.

Ya maido. Ta ce a sake, ya sake. Ya yi ta juya feda har kafaɗarsa ta ƙage, ransa kuwa fari ƙal, yana jiran ta ce alhamdu lillahi, na gani, a kai ni in kwanta. Sai ta miƙa yatsa.

"Tsaya nan. Audi, wanga duka mutane na?"

"Mutane ne, Inna."

"Waccan ta gehe, mai sanda, wadda ad duƙe. Tsohuwa ta ko?"

Audi ya matso ya ƙura ido. Da ƙyar ya gano wani ɗigo a gefen hoton, ɗan duƙaƙƙe, da wani dogo riƙe da hannunsa. Idon da ke gaida akuyar maƙwabta shi ya zaƙulo wannan cikin dubban mutane.

"Kamar tsohuwa ce, Inna."

"Ta girme ni. Dubi bayanta, wallahi ta girme ni. Wa yak kai ta?"

Babu wanda ya taimaki Audi. Gari guda ya juyo yana kallonsa a hasken ratinarsa.

"Wataƙila… ɗanta ne, Inna."

"Ɗanta," in ji Inna, ta gyara mayafi. "Allah shi yi mishi albarka. Wata ta haihu."

A bayan taro wani tsoho da ake kira Ɗan'auta, wanda ya binne duk yayyensa a Jazira, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce shi tun yana goye ake ce masa gobe. Kuka ya kama mata, ya tsallaka wurin maza. Malam Jibirin, da ya zo hana bidi'a, ya miƙe yana share hawaye da bakin rawani, ya ce jama'a, Allah yana tayar da mai barci da abin da ya ga dama, yau ga shi ya tayar da su da akwatin shayi. Ya ce tun zamanin kakanni, duk wanda ya tayar da ayari daga zango shi ne madugu, shi zai shige gaba har a isa.

"Allah gafarta Malam," in ji Audi, "ni fa ban san hanya ba. Madani ce iyakata."

"Kai da ka ɗauko wurin ka kawo shi har gida? Haba Audi, bar tawali'u."

Kashegari gonaki suka wayi gari rabi babu masu tsinta. Tsofaffi na ɗaure kaya, 'ya'yansu na jan awaki zuwa kasuwa. Wani Balarabe mai hawasha, wato gonar da hukumar noma ta ba shi, wanda audugarsa ta buɗe fari fat tana zuba ƙasa, ya zo rumfar Audi a kan jaki yana kumfar baki.

"Ya zol, inta majnun? Kai mahaukaci ne? Duk watannin shekara ba ka ga watan da za ka nuna musu Makka ba sai na tsintar auduga? Ka nuna musu tsutsa mana, kamar yadda gwamnati ke yi!"

Audi a zuciyarsa ya san mutumin ya fi shi gaskiya.

Haka rumfa ta tafi da kayan aikinta. Keke ya tafi. Ɗakin ƙasa mai kanti ya saye shi, ya mai da shi rumbu na gaske. Aka sha layin takardu da allurai a Madani, Audi na fassara wa tsofaffi Larabcin ma'aikata, yana fassara wa ma'aikata Sakkwatancin tsofaffi, kowane ɓangare na zaginsa. Malam Jibirin ya rako su har tashar jirgin ƙasa, ya yi doguwar addu'a, ya ce shi da son ransa ne da yana cikinsu, amma wa zai bar wa sallar waɗanda suka rage? Ya koma Hilla ya ci gaba da kasancewa bisa hanya.

A jirgin ruwa daga Bur Sudan zuwa Jidda madugu ne kaɗai ya yi ta amai. Tsofaffin da aka ce ba za su kai ba suna zaune suna cin ƙuli-ƙuli da dabino, Inna na dafa masa goshi tana cewa yaran zamani ba su da ƙwari. A Makka ƙafarta ta gaza, Audi ya goya ta ya yi ɗawafi da ita, ta ga abin da ta zo gani da sauran idon da ya rage mata. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga fuskarsa jiƙe sharkaf. Shi dai har ya bar garin cewa yake gumi ne, Inna ta fi yadda ake zato nauyi.

Suka dawo da damina, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Hilla ta fito tarba da guɗa, aka yanka rago, Asabe ta yi kisra har hannunta ya ƙone. Audi ya zama Alhaji, ba rumfa, ba keke, yana zaune a ƙofar bukkar kara kamar kowa, amma ransa a kwance. Ya sauke nauyi. Yana ta lissafin inda zai aro guduma ya soma daga farko, sai Hajiya Inna ta ajiye ƙoƙon ruwa a gaban jama'a ta yi gyaran murya.

"To, alhamdu lillahi. Abin da munka hito yi mun yi shi. Alhaji, yaushe za mu gida?"

"Inna, ai gida muke."

"Nan? Wanga zango? Ɗan Salihu, wanda yag gama Hajji gida shika komawa. Ina da ƙanne Sakkwato, na bar tukunyata hannun kishiyar uwata."

Malam Jibirin ya ce wannan magana haka take, babu ja. Ɗan'auta ya ce haka ya ji daga manya. Duk masu cin ragon suka gyaɗa kai, baki cike da nama. Asabe, wadda aka haifa a bakin tur'a, wadda Sakkwato a wurinta sunan wani wuri ne da tsofaffi ke rantsuwa da shi, ta tambaya ko ana cin kisra a can. Aka ce mata tuwo ake ci. Ta shiga bukka ta ɗauko kaskon kisrarta ta ɗaure a zane, ta ce ita ba za ta je ƙasar mutane ta mutu da yunwa ba.

Da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, lorin albasa mai zuwa Kosti, zangon farko a hanyar Sakkwato, ya tsaya a bakin Hilla. Direba ya ba Hajiya Inna gaba, kusa da shi, saboda girma. Asabe da yara suka samu wuri a bayan kan mota. Alhaji Audi ya hau can ƙololuwa kan buhuna, ya zauna yana fuskantar baya, albasa na sa shi hawaye tun kafin a tayar da injin.